Yadda ake zuba kankare mai ƙarko a zafin Damagaram

"A ƙaro ruwa!" Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba dal, wato rufin kankare, a Damagaram ya san wannan kira. Lebura ne ke yin sa idan kwaɓi ya yi masa nauyi a shebur. Yaro ya sheƙo da bokiti ya juye, kwaɓin ya koma kamar kunu, aiki ya yi sauƙi, kowa ya ji daɗi. Bayan kwana biyu kuma, ga dal shimfiɗe a tsakiyar rana yana neman ruwa, babu mai ba shi ko moɗa guda, wai ruwa ya yi tsada. Na daɗe ina duba aikin gini a garin nan, kuma yawancin tsagewar da na gani daga nan ta faro. Muna ɗura wa kankare ruwa a lokacin da ba ya so, muna hana shi a lokacin da yake nema.

Mutane sukan ce kankare, ko beto kamar yadda maginanmu ke faɗi, ya bushe. Ba bushewa yake yi ba. Idan siminti ya gamu da ruwa, sai su shiga wani haɗi mai fitar da zafi, su zama danƙon da ke ɗaure yashi da tsakuwa har su dunƙule kamar dutse. Haɗin nan ba na yini ɗaya ba ne. A kwana 7 kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 kuma ake auna ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. In ruwan da ke cikinsa ya ƙafe tun a kwanakin farko, haɗin ya tsaya a hanya. In kuma ruwan kwaɓi ya wuce abin da siminti ke buƙata, ragowar za ta fita ta bar ƙananan ramuka birjik a ciki, ta nan damshi da iska za su bi su kai ga ƙarfe. Simintin da muke saye, na Malbaza ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya, jikan wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista ne a Ingila a 1824, kuma tun a 1918 wani injiniyan Amurka, Duff Abrams, ya nuna da gwaji cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka zuba wa siminti: ruwa ya hau, ƙarfi ya sauka.

Abu na biyu da ya kamata maigida ya riƙe shi ne dalilin sa ƙarfe. Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Kakanninmu da suka gina soraye a Birni, tsohuwar unguwar garin nan, sun san irin wannan hali ga laka, shi ya sa suka jera azara a rufi, ta ɗauki abin da ƙasa ba za ta iya ba. Aikin azara rodi yake yi. Wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, shi ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a ciki a 1867, daga nan dabarar ta kai ga gadoji da benaye.

Takarda kafin shebur

In ginin zai ɗauki dal, balle bene, nemi injiniya ya yi lissafi ya ba ka zanen ƙarfe a rubuce, sannan ka karɓi izinin gini a ma'aikatar magajin gari. Kaurin ginshiƙi, girman rodi, zurfin tushe, duk nasa ne. Adadin da zan kawo a nan na aikin gida ne na yau da kullum, don ka gane abin da ake yi a filinka, ba don su maye gurbin lissafinsa ba. Ka kuma san ƙasarka. A Damagaram wani fili kana sara ƙafa biyu ka ci karo da dutse, wani rairayi ne zalla, wani kuma tsohon kududdufi ne da aka cike da shara shekaru suka rufe. Tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. Tushe ba ya zama a kan ciko, sai an haƙa an taras da ƙasar asali.

Kaya

Siminti: duba lambar ƙarfinsa da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5. Ga ginshiƙi da bim (ginshiƙin kwance da ke ɗauke da rufi) da dal na fi son 42.5. Zura hannu cikin buhu, ya zama gari mai laushi. Gudajin da ba ya murƙushewa tsakanin yatsu alama ce damshi ya riga ka. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, kada tsayin jeri ya wuce buhu goma, kuma kada ka sayi wanda zai kwanta fiye da wata uku.

Yashi shi ne inda aka fi cutar mu. Rairayin da iska ke tarawa ya cika laushi, yana shan ruwa da siminti fiye da kima. Ana son yashin kori mai kaushi, wanda in ka murza a tafi za ka ji yana cizo, in ka kakkaɓe bai bar ja a hannu ba. Akwai gwajin da kowa zai iya yi kafin mota ta juye. Samu kwalba mai haske, zuba yashi tsayin santimita 10, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In kaurin lakar ya haura rabin santimita da ɗan wani abu, ko a wanke yashin ko a mayar da shi. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta.

Wajen tsakuwa Allah ya yi mana arziki, garin kewaye yake da duwatsu masu tauri. Fasasshen dutse mai kusurwa ya fi tsakuwar jar ƙasa da ke marmashewa in an buga mata guduma. A haɗa ƙanana da manya, daga milimita 5 zuwa 25, a tankaɗe ƙura da ƙasa. Ruwa kuwa, wanda za ka iya sha shi za ka ba kankare. Ruwan tabki mai kanwa ko gishiri yana ɓata kamun siminti, yana kuma cin ƙarfe daga ciki. Ko ragowar shayin ma'aikata kada a watsa cikin kwaɓi, don sukari kaɗan ya isa ya hana siminti kamawa a kan lokaci.

Ƙarfe da katako

Ranar da ta fi kowace muhimmanci ga maigida ita ce jajiberin zubi, domin abin da ba ka gani ba a ranar, kankare zai rufe shi har abada. Ɗauki zanen injiniya ka hau da kanka. Ƙirga rodi, duba girmansa: in an rubuta na milimita 12, kada ka tarar da na 10. Ja-jar tsatsa ta sama ba laifi ba ce, amma mai ɓanɓarowa sai an goge, mai da laka kuma sai an wanke.

Rodi yakan zo da tsayin mita 12, dole a yi haɗi. Inda biyu suka haɗu, su haɗe jiki tsawon kaurin rodin sau 50, wato santimita 60 ga na 12, kuma kada haɗe-haɗen su taru a wuri ɗaya. Zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi da bim a lanƙwasa bakinsu ya shige ciki sosai, a matso da su kusa da juna a wajen kai da gindi, inda nauyi ya fi matsawa.

Kada ƙarfe ya taɓa katako. Ana son kankare ya lulluɓe shi da aƙalla santimita 2.5 zuwa 3, a tushe kuma 4 zuwa 5, a kan ɗan siririn kankaren share fage da ake fara zubawa don kada rodi ya kwanta a ƙasa. Ƴan ƙananan dunƙulen siminti ake yi tun mako guda kafin nan, da waya a jikinsu, a ɗaure a ƙarƙashin raga. Magini zai ce maka, "Alhaji, bari kawai, in ana zubi za mu ɗaga ragar da ƙugiya." Kada ka yarda. Mutum goma suna tattaka raga da baro, ba mai ɗaga ta daidai. Dal ɗin da ka ga cikinsa yana zubo da ɓawo, rodi ya fito ja wur, wannan ne ya same shi: tsatsa tana kumbura, ta fasa kankaren da ke kanta.

Baranda mai leƙowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, rodinta a sama yake zama, ba a ƙasa ba, don ta sama take son tsagewa. Na taɓa zuwa duba wani gida a bayan gari na tarar an kwantar da rodin baranda duka a ƙasa, ana shirin zubi da safe. Mai ɗaurin ƙarfen dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ɗauki karan dawa na danne gindinsa a kan bulo, na danna bakinsa ƙasa har ya fara tsagewa, na ce, "Baba, dubi ta inda ya buɗe." Ya duba, ya yi shiru, ya kira yaransa suka kwance aikin a daren.

Katakon kofaraji, wanda ake zuba kankare a cikinsa, ya zama a matse, ba kafar da ruwan siminti zai tsiyaye. Tokari su tsaya a kan katako mai faɗi, ba a kan rairayi ko guntun bulo ba, tazararsu kada ta wuce mita guda, a ɗaure su da juna. Ka tuna nauyin da za su ɗauka: mita kubik ɗaya na kankare mai ƙarfe tan biyu da rabi ne. In rufin na bulon dal ne, irin wanda ake jera bulo mai rami na santimita 16 a zuba 4 a kai, a jiƙa bulon sosai kafin zubi. Mai wuta da mai famfo su gama sa bututunsu tun yanzu, kada a zo ana sassaƙar bim daga baya.

Awo

Ga ginshiƙi, bim da dal, abin da aka saba shi ne kilo 350 na siminti a mita kubik ɗaya, wato buhu 7, da yashi wajen lita 400, tsakuwa lita 800, ruwa wajen lita 175. In ka raba wa buhu ɗaya: baro guda na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa lita 25. Ana nufin baro mai cin lita 60, a shafe bakinsa, ba a yi masa tozo ba. Auna baronka da jarka tun farko ka san cikinsa, don ba duka suke ɗaya ba.

Ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 5, a ce injiniya ya ba dal kaurin santimita 15. Mita kubik 3 ke nan: buhu 21, baro 21 na yashi, 42 na tsakuwa, ruwan kwaɓi lita 525, nauyi tan bakwai da rabi a saman kan iyalinka. In aka gama zubi ka ga buhu biyar sun rage, kada ka yi murna, ka tambayi inda aka rage.

Ruwan nan lita 25 shi ne zancen gaba ɗaya. Ware jarka guda mai cin 25, ka sa mutum ɗaya amintacce a kanta, buhu ɗaya jarka ɗaya, a kawar da tiyo daga wurin kwaɓi. In an kai shi lita 35, ƙarfin kankaren zai iya faɗuwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali kuɗin simintin da ka biya bai ragu ba. Da damina, yashi jiƙaƙƙe ya riga ya zo da nasa ruwan, sai a rage na jarka. Da bazara kuwa tsakuwar da ta yini a rana tana ƙona tafin hannu, tana kuma shanye ruwan kwaɓi. Maganinta a yayyafa mata ruwa tun daren jajiberi, a yi mata inuwa da zana, tanon ruwa ma a ajiye shi a inuwa.

In da hali a ɗauko injin kwaɓi, ya juya kamar minti biyu bayan komai ya shiga. In da hannu ne, a yi a kan daɓe mai tsabta, a juya yashi da siminti a bushe har launi ya zama ɗaya, a sa tsakuwa a sake juyawa, sannan ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓi mai kyau yana zama a shebur kamar tuwo mai laushi, yana sheƙi, tsakuwa ba ta rabuwa da shi. A manyan ayyuka ana auna wannan da mazurarin Abrams mai tsayin santimita 30, ana kuma cika ƴan gwangwanaye masu faɗin santimita 16 da tsayin 32 a kai ɗakin gwaji, irin na LNTPB, ma'aikatar gwajin kayan gini ta ƙasa, a murƙushe su a kwana 7 da 28. Mai gina bene ko makaranta ko masallaci ya nemi a yi masa wannan. In kwaɓi ya yi tauri har ba ya shiga tsakanin rodi, akwai ruwan magani da ake sayarwa mai sa shi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, injiniya ya faɗi adadinsa.

Ranar zubi

A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40. Kada a zuba dal tsakanin hantsi da la'asar. A fara da an sallame sallar asuba, ko a jira la'asar sakaliya a yi da fitila. Ba mu kaɗai ke wannan ba. Dogon benen Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, da aka buɗe a 2010, da dare aka riƙa zuba kankarensa lokacin zafi, har da ƙanƙara a cikin kwaɓin. Hunturu ma yana ruɗin mutane. Ana jin sanyi a jiki sai a ɗauka ba matsala, alhali busasshiyar iskar nan tana lashe ruwan fuskar dal cikin sa'a guda, ka ga ƴan tsage-tsage kamar bayan tabkin da ya ƙafe tun ba a sauko daga kai ba.

Kafin buhun farko ya fashe, tabbatar komai yana wurin: siminti duka, ruwa duka, man inji, mutane isassu. Dal ba ya son a tsaya a tsakiya a tafi neman ƴan ga-ruwa. Abin da aka kwaɓa a zuba shi cikin rabin sa'a. Wanda ya fara kamawa a ƙasa a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa. A ginshiƙi, kada a sako kankare daga sama da mita ɗaya da rabi, tsakuwa za ta riga siminti isa ƙasa, gindin ya fito kamar saƙar zuma. A zuba hawa-hawa, kowane hawa a girgiza shi. Injin girgiza ana tsoma shi a tsaye, a bar shi daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar har kumfar iska ta daina fitowa, a zare a hankali. In babu inji, a soka rodi sau da yawa, wani kuma yana bubbuga katako da guduma ta waje. In dole ta sa a tsaya, injiniya ya nuna inda za a yanke, a bar bakin da kaushi, a wanke shi kafin a ci gaba.

Ma'aikata su sa takalman roba da safar hannu. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, na ga ƙafafun yara leburori da suka yini a cikinsa sun yi gyambo.

A ba rufi gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, zuwa bakin indararo. Ruwan Agusta in ya sami wurin kwanciya a kan dal, sai ya sami hanyar shiga ɗaki.

Shayarwa

A nan ne ake son hannu ya sake. Da an gama shafe fuskar dal, a rufe shi da leda don iska da rana. Da ya kama har yatsa ba ya shiga, a fara ba shi ruwa, kuma kada fuskarsa ta yi fari ko sau ɗaya har kwana 7. Da bazara ko hunturu na fi son a kai kwana 10 zuwa 14. Yayyafin safe da yamma a kan dal tsirara ba ya wadatarwa a Damagaram, kafin ka sauko daga tsani ya bushe.

Na san abin da ruwa yake a garin nan. Na san yadda famfo ke ɗaukewa kwana da kwanaki, mata da yara suna layi da jarkoki tun dare, ruwan da ake turowa daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram bai kai ko'ina ba. Shi ya sa nake cewa a sa kuɗin ruwan shayarwa cikin lissafin gini tun ranar da ake lissafin siminti, a cika tano ko tanki kafin ranar zubi. Akwai kuma hanyar da ba ta ɓarna. A kewaye bakin dal da ɗan kunya na siminti marar ƙarfi, a tsayar da ruwa a kai kamar fadama. Ɗakin nan mai mita 4 da 5, ruwa mai zurfin santimita 2 lita 400 ne, tano biyu, sai ƙari kullum gwargwadon abin da rana ta sha. Wadda ta fi wannan tattali ita ce a shimfiɗa buhunan algarara ko yashi mai kaurin yatsa uku, a jiƙa sharkaf, a rufe da leda, a danne gefuna da bulo. Ɗaga ledar da azahar ka sa hannu: in ka ji sanyi da damshi, aiki yana tafiya. Ginshiƙai a naɗe su da buhu, a jiƙa, a ɗaure leda a kai. Sa wa mutum ɗaya wannan aiki, ka biya shi a kansa, don in na kowa ne ba mai yi. Bulon siminti ma haka yake so, a shayar da shi mako guda a inuwa kafin ya hau gini.

Cire katako

Katakon gefen ginshiƙi da na gefen bim ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, a hankali, a ci gaba da shayarwa. Tokarin da ke ƙarƙashin dal da bim kuwa su kai kwana 21, in faɗin ɗakin da yawa ko baranda ce mai leƙowa, 28. Mai hayar katako zai matsa maka yana da wani aiki, ka ƙara masa kuɗin kwanakin ya fi. A dal mai zaune a kan bango ko bim ta kowane gefe ana fara sassauta tokari daga tsakiya zuwa gefe, a baranda kuma daga baki zuwa gindi. Kada a tara bulo ko yashi a kan sabon dal a waɗannan kwanaki.

In an cire katako ka ga saƙar zuma, kada ka bari a shafe ta da filasta kafin injiniya ya gani. Ƙarama ana sassaƙe ta har a kai ga mai ƙarfi, a wanke, a cike da kwaɓi mai siminti sosai. Wadda ta kai ga rodi a gindin ginshiƙi, wani lokaci sai an fasa an sake.

Dal yana shan rana yini guda ya sauke ta a ɗaki da dare, wanda ya taso a soron ƙasa zai ji bambancin tun daren farko. Farin fenti ko farar ƙasa a saman rufi yana rage wannan sosai, haka ma rumfar kwano da aka ɗaga sama da dal iska tana ratsawa tsakani. Rodin da aka bari tsaye a kan rufi da niyyar ɗora bene in Allah ya hore, a bar masa tsayin da zai isa haɗi, a goge shi, a shafe shi da kunun siminti, ko a rufe shi da ɗan kankare marar ƙarfi da za a fasa ranar da za a ci gaba. A duba gindinsa bayan kowace damina, don ta nan ruwa ke fara bi ya sauka cikin ginshiƙi.